Shaidar Auren Ishbel Gunn

Helmsdale, 9 ga Yuli, 1872

Inna,

Wai har zuwa yaushe kika yi niyyar ɓoye mini? Shekara ashirin da huɗu ina gabanki, sai na zo ƙarshen ƙasar Scotland sannan zan ji labarinki a bakin wata?

Na fara da faɗa ban gaishe ki ba, ki yafe mini. Ina fatan kina lafiya. Yaya tarin nan? Ina gaida ƙanwata Effie, wadda na san ita ke karanta miki wannan tana hararar takardar.

Kin san abin da ya fito da ni daga Newcastle. Bayan jana'izar Baba na buɗe babban Littafi Mai Tsarki na gidan yayansa, Baffa Murdo, inda ake rubuta aure da haihuwa. Kowa da matarsa da 'ya'yansa, amma Baba, Hector Mackay, shi kaɗai, kamar gwauro ya mutu. Baffa ya manta cewa ni, yaron nan da bai je makaranta ba, na koyi karatu a jikin jiragen ruwa da tsofaffin jaridu. Matarsa 'yar Ingila ta ce wai babu takarda, babu aure. Kuma abin da ke littafin nan shi za a sassaƙa a dutsen kabarin Baba ƙarshen wata.

Jiya na sami ƙawarki Peigi Bannerman tana fiɗar kifi a bakin teku. Ta kalle ni sau ɗaya ta ce wannan dogon hanci na Hector ne, rashin kunyar kuwa taki ce. Ta zaunar da ni a kan ganga. Ta ce kina jaririya aka ƙone rufin gidan mahaifinki, William Gunn, don mai ƙasa ya zuba tumaki a kwarinku, kuma a cikin kwando mahaifiyarki ta sauko da ke nan. Ta nuna mini bangon da ya gina da hannunsa. Yana nan tsaye, Inna. Na dafa shi.

Sai maganar aure. A shekarar mutanen gari sun ƙaurace wa limamin cocin da mai ƙasa ya naɗa, nasu kuma an kore shi. Sai kuka tsaya a bakin ruwa, Baba ya ce ga matarsa, kika ce ga mijinki, a gaban shaidu biyu. Na tambayi wani lauya a garin, ya ce a dokar ƙasar nan aure ne cikakke. Washegari kika goya Baba zuwa jirginsa yadda matan nan ke yi don kada ƙafar miji ta jiƙe. Peigi ta ce kin zame kun faɗa ruwa ku biyu, gari ya yi mako yana dariya. Ni ma na yi dariya, daga baya na juya mata baya don kada ta ga idona.

Ita ce shaida ta ɗaya. Na biyun Baffa Murdo ne. Peigi ta ce kin yi shiru ne don kada ki raba Baba da yayansa, tunda a Ingila irin wannan aure abin kunya ne ga mai son zama dattijon coci kamar Baffa. Baba ya tafi, Inna. Babu sauran wanda za ki raba.

Ki riƙa shan maganinki. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Ewen

Helmsdale, 10 ga Yuli, 1872

Baffa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Peigi Bannerman tana da rai, kuma tana gaishe ka. Ta ce ka yi kuka ranar auren Inna da Baba fiye da amarya. Ta sa alamarta a takarda gaban lauya, takardar tana aljihuna.

Ba na son faɗa da kai. Ranar Lahadi ta sama zan kawo Inna coci in zaunar da ita a gaba. Ka tashi a gaban jama'ar da kake yi wa wa'azi, ka faɗa da bakinka: Ishbel Gunn matar ƙanenka ce, ko ba matarsa ba ce?

Ɗan ƙanenka,
Ewen Mackay