Tallan Waya Ya Sa Na Goge Muryar Babanmu

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar shafin nan. Don Allah ki ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya bari in kai aya, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Daura ce. Babanmu ya rasu a haɗarin mashin, Innarmu ko takaba ba ta fita ba. Dillalin dabbobi ne, bai iya rubutun boko ba, shi ya sa duk ranar kasuwar Mai'adua saƙon murya yake turo mata: "Hajiya, ku ci abincinku, ragunan nan sun ƙi fita." Wani lokaci tsokana ce kawai, wai gishiri ya yi yawa a miyar jiya. Tun da aka binne shi Inna ba ta karyawa sai ta kunna ɗaya ta saurara.

Satin da ya wuce wayarta ta cika da saƙonnin ta'aziyya, ta miƙo min ta ce, "Ke da kika yi boko, duba min, ta ƙi karɓar saƙo." Ina cikin dubawa sai ga wani jan abu ya rufe fuskar wayar, yana walƙiya, wayar har da karkarwa, wai ƙwayar cuta ta shiga, in ban danna yanzu ba komai zai lalace. Har da hoton tsintsiya! Na nemi wurin rufewa, alamar ba ta kai ƙwayar gero ba. Tsoro ya kama ni kar muryar Baba ta salwanta, na danna, na sauke abin da suka ce, ya nemi in amince ya yi shara, na amince. Wallahi don in ceci muryar na danna! Ashe talla ne. Ya share komai tas, ya bar mu da tallan caca da na maganin rage tumbi.

Wai su waye ke zama su ƙirƙiri wannan mugunta? Ba su da iyaye ne? Haba! Ka tsorata mutum da ƙarya don kawai ka cusa masa hajarka? Allah ya isa, ni dai ban yafe ba.

Na ruga wurin mai gyara, ya juya wayar ya juya, ya ce, "Ƙanwata, sai haƙuri." Wayar Baba kuwa tun ranar haɗarin ba a gan ta ba.

Abin kunyar shi ne na yi wa Inna ƙarya. Na ce wurin caji ne ya lalace, tana hannun mai gyara, alhali tana ƙasan akwatina. Yau da safe na kai mata koko, ta ture kofin gefe ta ce, "Ki ce wa mai gyaran nan ya bi ta a hankali, Alhaji yana ciki."

Jama'a, da wane baki zan gaya mata? Me zan yi?