Mai Riƙe Rariyar Rana

Abuja, 3 ga Maris

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafa, yaya ido? Tunda ka ce waya kuwwa take maka a kunne, ga wasiƙa na ba direban Kafanchan yadda kake so.

Ni da yaya Leonard mun duba, ba mu da hotonka mai kyau sai na katin reluwe. Abin kunya ne, 'yarka tana ɗaukar amaren mutane kowace Asabar amma ba ta da na ubanta. Muna so a yi maka ɗaya na cikarka shekara tamanin da biyar.

Na san za ka ce a ɗauka kusa da kabarin Mama, kuma babu inuwa a wurin tun da aka sare mangwaron. Ga halin hanya na rashin tsaro: ba a fitowa da asuba, ba a komawa da yamma, dole sai rana tsaka. Ita kuwa rana tsaka tana ɓata fuska. Ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya yi ta runtse ido. Shi ya sa muke aiki da difyuza, wani farin yadi da ake sawa tsakanin mutum da rana ya tace haske. Iri biyu ne. Akwai na hannu, mai zagaye, wani ne yake riƙe maka shi a bisa kai. Akwai babba mai ƙafafun ƙarfe, shi yana tsayawa da kansa. Yadin ma akwai mai shara-shara, akwai mai kauri. Ka faɗa mini wanne kake so.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Faustina

Kafanchan, 9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Faustina,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Ido na dama ya ƙara yana, amma na hagu ya karanta wasiƙarki sau biyu ba tare da taimakon kowa ba.

Sunan abin naki ya ƙi zama a bakina, don haka na raɗa masa rariyar rana, tunda aikinsa tankaɗe ne. Yadi kuwa a kawo mai kauri. Idona ba ya jure haske, nan take yake zub da ruwa, kuma ba na so a ga hoton a ce Gershon kuka yake yi. Ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka sa uwarku Theresa a ƙasa, ba zan fara a gaban kyamara ba.

Game da iri biyun nan, na zaɓi na hannu. Na yi lissafinsa kamar yadda aka koya mana a makarantar mishan. Mutum ɗaya zai riƙe kyamara, mutum ɗaya zai riƙe rariya. 'Ya'yana biyu ne. Lissafi ya fita ba saura. Leonard dogo ne, hannunsa zai kai bisa kaina ko a tsaye nake. Kada ki kawo mini mai ƙafafun ƙarfe. Abubuwan da ke tsaye da kansu sun yi yawa a gidan nan, har da ni.

Rabonku da gidan nan tun jana'izar uwarku. Ba ƙorafi nake yi ba, ina tuna muku ne kada ku wuce ƙofa, don bangon ya canza launi. Na ba da farin kaftanina an wanke an goge. Na gaya wa Adama, matar Jibir Bafulatanin nan da ke bayan layin dogo, ta ajiye mini kindirmo mai kyau ranar. Akwai zakara guda da nake ta hana mai wa'azinmu kallonsa, naku ne.

Ki sanar da ni rana. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne ubanki,
Gershon

Abuja, 17 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta ba ni dariya, rariyar rana! Har na fara kiransa haka a shago.

Baba, ka yi haƙuri, watan nan ba zai yiwu ba. Ina da biki uku a jere, Ista kuma ta matso. Yaya ya ce ofis ba su ba shi hutu ba, kuma matarsa ba ta yarda da hanyar ba. Amma na shirya komai. Na yi magana da Silvanus mai shagon hoto kusa da kasuwa, ya iya aiki, zai zo ranar Alhamis. Na aiko masa babban mai ƙafa da yadi mai kauri, tunda shi kaɗai zai zo, babu mai riƙewa. Gaskiya ma ya fi na hannu kyau, ba ya rawa.

Ka ci zakaran, kana bukatar nama. Za mu zo in abubuwa sun lafa.

Taka,
Faustina

Kafanchan, 24 ga Maris

Faustina,

Bayan gaisuwa. An yi hoton. Zan ba ki labarinsa tunda ba ki gani ba.

Silvanus ya zo a kan babur, rana tana tsakiyar kai, da ƙarafunan a ɗaure a bayansa. Mutumin kirki ne, ya gaishe ni da durƙuso. Ya fito mini da kujerar uwarku ya ajiye a gefen kabari, ya shiga harhaɗa abinki. Ya daɗe yana yi. Da ya tashi, sai ga wata rumfa fara a kaina, mai ƙafa biyu kamar zalɓe. Ba zan hana abu gaskiyarsa ba: a ƙarƙashinta idona ya buɗe, na ga har rubutun kan dutsen Theresa.

Kin manta iskar da ke tasowa daga wajen duwatsun Kagoro kafin ruwan farko. Silvanus bai ko ɗaga kyamara ba ta zo. Rumfar ta yi sama, ta dawo, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ɗayar ta sauka a kan kabarin uwarku ta ɓantare gefen siminti. Da ta matso kaɗan, da a kaina ta sauka, da kun huta da neman hoto mai kyau.

Silvanus ya ce, "Baba, mu gwada haka nan ba rumfa." Ya ɗauka ya nuna mini. Na ga wani tsoho mai ramuka biyu baƙaƙe a wurin idanu, ruwa yana bin kuncinsa. Na ce a goge.

Ana cikin haka Jibir ya shigo da ƙwaryar kindirmon, don na manta ban ce musu an fasa ba. Ya dubi ƙarafunan a ƙasa ya ce, "Gasho, jirgin naka ne ya faɗi?" Kin san haka yake kirana, bakinsa bai taɓa iya Gershon ba. Ni kuma Nagge nake ce masa, wato saniya a yarensu; na ce, "Nagge, ajiye ƙwarya ka yi wani amfani yau." Silvanus ya kwance yadin. Jibir ya ɗaura kusurwa ɗaya a igiyar shanya, ya soke ɗaya a kan sandarsa, ya kama ta uku da hannu, ya ɗaga sama. Mutumin nan ya girme ni ko mun zo ɗaya. Iska tana fizgar yadin, yana ta zagina wai in yi murmushi da sauri kafin kafaɗarsa ta fita. Dariyar da za ki gani a hoton, shi ya ba ni ita.

Abu ɗaya ya rage. Silvanus ya yi ta ce mini in matsa dama. Na ce don me? Ya ce, "Madam ta ce a bar fili a hagu saboda rubutu." Na ce wane rubutu? Ya sunkuyar da kai ya shiga goge gilashin kyamara. Faustina, na halarci jana'iza fiye da yadda kika halarci biki. Na san hoton da ake barin fili a gefensa. Shekaru biyu ake rubutawa a wurin, ta zuwa da ta tafiya, da ɗan layi a tsakani.

Mun ci zakaran da Jibir da Silvanus. Jibir ne ya yanka.

Ubanki,
Gershon

Abuja, 2 ga Afrilu

Baba na,

Ina gaisuwa, kuma don Allah ka yafe mini. Ban so ka ji ta bakin Silvanus ba. Ba fata muke maka ba. Ka tuna lokacin Mama, mun rasa hoto har aka yanko ta daga na zumuntar mata, kafaɗar wata a jikinta. Na yi kuka a kan wannan. Ba na so a sake.

Hotunan sun iso. Wanda kake dariya ya yi kyau sosai, hasken ya kwanta a fuskarka kamar a situdiyo. Matsala ɗaya, hannun mutumin ya shigo ta hagu, da bakin sanda da gefen yadi, daidai filin da na ce a bari. Ba komai, zan share shi a kwamfuta, ba wanda zai gane. Yaya kuma ya ce ka rage barin mutanen nan suna shiga gida haka, ka san yadda gari yake.

Zan aiko kuɗin gyaran siminti. Za mu zo, Baba, na yi alkawari.

Faustina

Kafanchan, 8 ga Afrilu

Faustina,

Bayan gaisuwa. Simintin an gyara, kada ki aiko komai.

Na yarda a yi amfani da hoton ranar da kuke shiryawa, da sharaɗi ɗaya. Kada ki taɓa hannun. Na roƙi hannun ɗana, wannan ne ya zo. Ki bar shi da sandarsa, a takardar jana'iza da kan riguna da duk inda za ku buga. Shekarun ku nema musu wani wuri.

Idan baƙi suka tambaya hannun wane ne, Leonard ya ba su amsa. Ranar dai na san zai zo.

Ku huta lafiya.

Gershon