Ƙullin Goggo a Mosko

Zuwa ga Bappa Sulle,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Goggo? Yaya shanu da mutanen Beli?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari na sati uku da ya ɗauke mini murya gab da jarrabawa. Ƙwayoyin asibiti suka ƙare, tari yana nan. Sai na tuna ƙullin da Goggo ta cusa mini a jaka ina mata dariya: citta, kanumfari da masoro. Na dafa na sha. Bappa, wallahi kwana uku muryata ta dawo! Ikon Allah, tsohuwar da ba ta taɓa wuce Karaye ba, ita ta yi maganin sanyin Rasha.

Ka gaya mata na daina dariya.

Ɗanka,
Halliru