Kwatar da Rediyo Ya Ambata

Daren Laraba, Unguwar Rogo.

Zuwa ga shugabannina, ranku ya daɗe, ko da yake wannan karon ni kaɗai zan karanta.

Sau uku ina kai kukan kwatar da ke sa yaranmu gudawa, ba a zo ba. Jiya rediyo ya karanta wasiƙata, rubutun hannuna. Yau leburori suka yashe ta a ƙofar gidana kaɗai, domin nan na ambata. Ina tsaye ina jin sunana na shawagi bisa Sakkwato, sai Bawa tela ya ce, "Malam Sanda, mu ɗiyanmu ba mutane ba na?" Gobe zan rubuta kowane gida.

An yi wannan a gaban Bawa da Malama Rifkatu, wadda ta koya mini rubutu.