Sunana Duka

Woolwich, Landan

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, a gaida mini Umma. Yaya ƙafar tata? Yaya Anti Rabi da yara?

Ni lafiyata ƙalau. Faɗuwar da aka tsegunta maka gaskiya ce, a tashar jirgi ciwon ya tasar mini, amma leɓe ne kawai ya fashe. Kada Umma ta ji maganar ɗinki ukun da aka yi mini.

Ka ce in tattara in dawo gida, in kuma daina cewa farfaɗiya gare ni, in riƙa cewa jiri ne. To, saurara. Aikina a nan shi ne kwafe littattafan wani likitan ƙwaƙwalwa da ya rasu shekara ɗari da wani abu. A ɓoye masu hali suke kai masa marasa lafiyarsu, ko suna ba ya rubutawa sai harafin farko, don kada dangi su ji kunya. Na kwafe mutum ɗari huɗu a haka. Jiya na ci karo da mace ɗaya mai cikakken suna, Harriet Pell. A gefe likitan ya rubuta: "Ta ce in sa sunanta duka, ita ba sata ta yi ba."

Ni ma ban yi sata ba, Yaya. Ina shan maganina, ina zuwa aikina, ba inda za ni.

A aiko mini da kuka da daddawa ta hannun Na'ima in za ta taho nan. Allah ya bar zumunci.

Duk wanda ya tambaya, ka faɗa masa sunan ciwon, ka faɗa masa nawa sunan.

Ƙanwarka,
Zinatu Umar Faruq