Gansakukar da Kika Fifita a Kanmu

Hadiza,

Assalamu alaiki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, kuma ba za ki taɓa karanta ta ba. Amma tun da muka dawo daga maƙabarta na rasa wanda zan yi wa faɗa, sai ke.

Muna nan ƙasar Turawa a flat ɗinmu na Plumstead, ina ta jan bas yadda kika bar ni. 'Yarmu Amira tana ajin ƙarshe na sakandare, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. Innarki ta bugo daga Kano, har yanzu cewa take sanyi ne ya kashe ki. Na ƙyale ta. Da wane bakin zan gaya mata?

In ce mata asibiti sun sa miki ranar duba kumburin nan na ƙirjinki, kika yi cancel? Kika ce jirgin bincike ba ya jiran kowa. Wai gansakukar da ke manne a ƙarƙashin ƙanƙarar teku, can ƙuryar arewacin duniya, sau ɗaya take bunƙasa a shekara, idan rana ta dawo bayan dogon duhu. In an rasa bana sai baɗi. Kika tafi kina huda ƙanƙara, kina auna yawan sinadarin kabon da wannan abu mai kama da dauɗa yake zuƙa daga ruwa ya mayar abinci. Kin sha gaya mini ƙananan halittu ita suke ci, kifaye su ci su, har abin ya kai ga manyan dabbobin teku. Abincin kowa ya dame ki, Hadiza. Mu fa? Da kika dawo, likita kasa haɗa ido da ni ya yi.

Abokan aikinki sun zo gaisuwa. Mutanen kirki ne, har takalma suka cire. Shugabarku ta ce ƙanƙarar sai ƙara sirancewa take, ba lalle a sake samun irin abin da kika auno ba. Na yi godiya, na zuba mata shayi. To in narkewar za ta yi ko da ke ko ba ke, wa kika ceta?

Ranar da kika nemi gafarata a gadon asibiti, na ce na yafe, don kina kallona. Bakina ne ya faɗa. Zuciyar har yau ina lallashinta a kowace salla, wata rana ta yarda, wata rana ta ƙi.

Amira ta nemi gurbin karatun ilimin teku, ba ta shawarce ni ba. Wai inda kika je za ta. Na so in ɗaga murya, sai na ga irin tsayuwar da ta yi, na san ba zan ci ba. Jiya na sauko mata da jar rigar sanyinki daga saman kabad. Ta yi mata daidai, Hadiza, har hannun. Na fita na bar ta gaban madubi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ni kuma Ya sassauta mini.

Mijinki,
Baban Amira