Dorinar Harawa

Zuwa ga Yaya Buhari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki? Yaya matarka da yara, ya sanyin Jos? Inna tana lafiya, ƙafar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, bana matasan Bagudo sun shirya wani tsere: ka ƙera dabba kan keke, ka taka feda daga kasuwa har bakin kogi, sannan ta faɗa ruwa ta yi iyo. 'Yan Zagga kada sunka yi. Ni da Sani mai walda dorina munka yi, jarkoki a ƙasa, buhuna a sama. Don ta yi ƙiba sai munka cusa mata harawar wake.

Kan tudu mu ne gaba, mata har guɗa suke yi. Muna isa mashaya sai ga Ardo da shanunsa. Kafin mu taɓa ruwa sun cinye rabin dorina! Ina ihu, Ardo yana cewa, "Malam, ai kai ka kawo musu abinci." Wani bijimi kuma ya huda jarkokin. Haka munka shiga ruwa munka nutse, masunta sunka tsamo mu.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. Af, keken da ke cikin dorinar naka ne, wanda ka ce kada kowa ya taɓa. Yana ƙasan kogi, wallahi yanzu ba mai taɓa shi.

Ƙanenka,
Murtala